Harawar da Suhaibu Ya Ƙona

Haulat na zaune tsakar gida tana tsinke zogale sai ga yayanta Garzali ya shigo, rigarsa duk toka. Ko sallamar bai ƙarasa ba ya ce, "To Umma, surukin naku ya yi aiki. Harawar Baba ta ƙone ƙurmus."

Surukin shi ne Suhaibu, direban bas daga Ajingi zuwa Kano, wanda saura wata biyu a ɗaura masa aure da Haulat. Ranar ya kwaso abokansa suka zo Toranke taya mahaifinta, Malam Uwais, ɗaure harawar gyaɗa, don a ga yaron kirki. Ana hutawa ya laɓe bayan tarin ya kunna sigari. Yana hango Malam tafe, gogan naka ya cusa guntun cikin busasshiyar harawa wai kada a gani. Abincin dabbobi na rani guda ya tafi, asirin da ya shekara biyu yana rufewa da turare shi ma ya tonu.

Malam bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Harawa na yafe. Amma 'yata ba za ta zauna cikin hayaƙi ba. An ɗaga biki. Ya yi wata shida bai sha ba, sannan ya dawo."

Suhaibu bawan Allah ya shiga neman mafita. Ya ci goro har haƙoransa suka rine, ya koma kanumfari, aswaki kuwa ba ya barin bakinsa. Ya kama azumin Litinin da Alhamis, ya ƙaurace wa bencin 'yan tasha. Wani likita a Gaya ya ce masa in sha'awar ta motsa ya sha ruwa ya jinkirta minti goma, za ta lafa. Tana lafawar, amma tana dawowa.

Ita kuwa Haulat gajiya ta yi mata yawa. Ƙawayenta biyu sun tare, duk bikin da ta je sai an tambaye ta yaushe ne nata. Garzali kullum maganarsa ɗaya: mai sigari ba ya bari.

Ana cikin wata na biyar Suhaibu ya zo zance bayan la'asar, ya kasa kallonta.

"Haulat, sori. Na sha. Kara ɗaya. Mota ce ta mace min a hanyar Wudil, fasinja suna ta zagina, tenshan ya yi min yawa. Amma babu wanda ya gani."

Saura sati biyar wa'adi ya cika, kuma Haulat ta san in ta yi shiru shi ke nan, za a sha biki.

"Na gaji, Suhaibu. Wallahi na gaji. Amma tashi ka je ka faɗa wa Baba da bakinka."

"Zai iya cewa an fasa fa."

"Na sani. Ba zan shiga gidanka da ƙarya ba."

Ya je ya durƙusa a zaure ya faɗa. Malam ya ce lissafi ya koma farko. Haulat ta shige ɗakin Umma ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana jin haushin Suhaibu, tana jin haushin kanta.

Wata shidan nan sun yi tsawo, amma sun cika, Suhaibu bai ƙara taɓa kara ba. Ranar ɗaurin aure Garzali ya tambayi mahaifinsa yadda aka yi ya yarda da maganar mutumin da ya taɓa karya alkawari.

Malam ya ce, "Tun ranar da ya kawo ƙarar kansa na ba shi Haulat. Watannin da na ƙara, na lafiyar ƙirjinsa ne."

Da Umma ta kawo mata maganar, Haulat ta rufe fuska da mayafi, wannan karon kukan daɗi take. Mai son barin mugun hali yakan faɗi a hanya, ba laifi ba ne ya sake tashi. Abin da yake bukata shi ne gaskiya a bakinsa, da wanda zai yi haƙurin jiransa ba tare da ya taya shi ɓoyo ba.