Lahadin da Mang Teroy Zai Karɓi Kira

Ranar Litinin da hantsi aka tsamo gawar Mang Teroy daga kududdufin kifi, ƙeyarsa a fashe. Sufeto Lacsamana ya tsuguna ya duba. Tsohon da kullum yake yawo da singileti, ga shi cikin farar rigarsa ta zuwa coci.

"Ina za shi da wannan kwalliya?"

"Shagon Aling Pacing," in ji mai kududdufin. "'Yarsa Nenita tana aikatau a Hong Kong. Duk Lahadi take kira."

Tarho ɗaya ne a unguwar, yana kan kantar Aling Pacing kusa da kwalbar alewa. Kowa ya san dabarar. Na waje zai buga kiran da mai karɓa ke biya, ma'aikaciyar tarho ta tambaya ko an yarda, a ce ba a yarda ba. Shi ya nuna yana raye, na gida sun nuna lafiya lau, kamfani ya tashi a banza. Ba a karɓa sai in magana ta yi nauyi, don hira kaɗan tana cin kuɗin buhun shinkafa.

"Mang Teroy ya taɓa karɓa?" Sufeto ya tambaye ta da ya isa shagon.

"Wannan marowacin? Ko da matarsa ta mutu sai da na matsa masa," in ji Aling Pacing. "Amma ranar Asabar ya sayar da aladensa, ya damƙa mini kuɗin. Ya ce, Pacing, gobe zan karɓa, kowa ya ji."

"Wa ya ji?"

"Duk masu shan giya a bencin can. Har da surukinsa Rodel, mijin Nenita."

"Jiya wa ya ɗauki tarhon?"

"Rodel. Ya ce ba a yarda ba, ya ajiye, ya sayi sigari."

Sufeto ya sami Rodel a filin da Nenita take tsammanin an gina mata gida da kuɗin da take aikowa. Tubali jeri biyu ne, ciyawa ta rufe su. A inuwa kuwa ga zakarun faɗa a ɗaure, kowanne ya fi 'ya'yan Rodel ƙiba.

"Kyakkyawan gida," in ji Sufeto. "Ina ne falon?"

"Siminti ya yi tsada, ranka ya daɗe."

"Zakaru sun yi araha ke nan. Me ya kai ka tarho jiya?"

"Tatay, surukina, shi ya aike ni. Ya ce zai je ganin ƙanensa, in ƙi kiran kamar kullum."

"Mutum ya sayar da aladensa don ya yi magana da 'yarsa, sannan ya aike ka ka kashe kiran?"

"Tsufa ne. Ya canza shawara."

"To me ya sa bai koma ya karɓi kuɗinsa ba? Mang Teroy da ko ashana ba ya bari a hannun wani?"

Sufeto bai ɗaga murya ba.

"Ka san ba zai zo ba. Ka kuma san in tarhon ya yi ta ƙara babu mai ɗauka, Nenita za ta tsorata ta kira limamin coci. Sai ka je ka gaya mata lafiya lau, ubanta yana ƙasan ruwa."

Rodel ya zauna a kan tubalin. "Roƙonsa na yi ya ba ni wata ɗaya kafin ya gaya mata babu gida. Ya ce in kauce masa, wai ni kaska ne a jikin 'yarsa. Dutse na gani a gefen hanya."

Aka sa masa ankwa. Bai tambayi 'ya'yansa ba. Cewa ya yi wani ya ba zakarun ruwa.

Da suka biyo ta gaban shago, Aling Pacing ta leƙo. "Sufeto, wa zai gaya wa yarinyar?"

"Da kuɗin aladen za a kira ta."

"Ai na cire na giyar da surukinsa ya sha," ta ce. "Abin da ya rage ba zai kai ta gama kuka ba."

"To a faɗa mata da sauri," in ji Sufeto, ya tura Rodel cikin mota.