Angon da Ake Kira Asunción

Saƙon da goggonta ta bari shi ne a jira Asunción mai gyaran tandar burodi. Jin sunan mata ne, Herlinda har ta ajiye wa tsohuwa kujera, sai ga dogon saurayi mai gashin baki, da buhun yumɓu a kafaɗa.

"Ina Asunción ɗin?"

"Ga ni. Yi dariyarki ki gama, 'yan mata, na saba."

Ba ta yi ba. Kafin tandar ta bushe, soyayya ta kama su.

Da magana ta kai kunnen ubanta, Don Evaristo mahauci, sai ya tofar da yawu. "Tir! Suruki mai sunan kakata? A kira shi a kasuwa mata uku su waiwayo? Ya sauya suna ko ya sauya hanya!"

Abin takaicin, ba rashin sani ba ne. Kaf garin an san uwar yaron, Eduviges, ta sha azabar naƙuda ranar bikin ɗauke Maryama zuwa sama, wanda suke kira Asunción, ta yi alwashin in ɗan ya rayu, mace ko namiji, sunan ranar zai ci. Ya rayu, ita ta tafi.

Herlinda na niƙa masara saƙon Asunción ya shigo wayarta: "Hasken idona, an gama. Gobe zan je ofishin rajista in sauya suna, in koma Ramiro. Saboda ke babu abin da ba zan yar ba."

Wata ƙyama ta taso mata. Ko hannu ba ta goge ba ta mayar masa, da gajeren sunan da take kiransa: "Haba Chon, ka ba ni kunya! Abu ɗaya matar nan ta bar maka, shi za ka yar don bakin Baba? To ni a bakin me nake? Ban san wani Ramiro ba, kuma ba zan aure shi ba."

Ta wuni tana tsaki, tana share hawaye.

Washegari, rumfar naman ubanta cike da mata, sai ga Chon ya cire hula.

"Don Evaristo, ni ne Asunción ɗan marigayiya Eduviges. Da wannan sunan na zo neman 'yarka, ba ni da wani."

Wata tsohuwa a layi ta harari mahaucin. "Kai Evaristo, kai da ka ɗauki makarar matar nan? Ji kunya mana!"

Ya ajiye wuƙarsa, ya dubi saurayin. "To, na ba ka. Ka dai fi waɗansu masu sunan maza."

Ranar aure a coci, da Fada ya kira sunan ango, aka ji ƙus-ƙus a baya. Amarya ta waiwaya sau ɗaya, kowa ya haɗiye dariyarsa.

Daga coci ta ja hannunsa zuwa maƙabarta, ta ajiye furanninta a kan kabarin.

"Mama, ga ɗanki nan na karɓa, da sunansa yadda kika bar shi."

Chon ya durƙusa yana kuka. Allah ya sa albarkar uwar ta bi su.