Wanda Ya Cire Tamostat

Ranar Talata da hantsi, a daminar 1984, Mma Sala ta ɗaga murfin injin wanke kwanuka, tururi ya taso ya ɗaye mata fatar hannun dama tun daga wuyan hannu har gwiwa. Kafin a gama ɗaure mata shi, injin ya huce, ya ƙi sake ɗumama ruwa.

Injin na masaukin baƙi ne da ke unguwar Nyanshegu a Tamale, inda Turawan aikin rijiyoyi ke sauka. Mai kula da gidan, Madam Esi, ta aika unguwar Aboabo aka kira Masta Zubeiru, dattijon da ya fi shekara ashirin yana gyaran kayan lantarki a Tamale. Ya iso a kan kekensa da azahar.

"Masta, na riga na san abin da ya faru," in ji Madam da Hausar kasuwa. "Tsohuwar nan ta murɗa abin da bai kamata ba. Ka duba kawai, in rubuta takardar sallama."

"Bari injin ya fara magana, Madam."

Ya kashe wuta daga bango, ya kwance marfin ƙasa. Fis lafiya lau. Ya ɗora mita a bakin hita, allura ta motsa, wato hitar ba ta ƙone ba. A gefen tanki ya ga ɗan jan maɓallin da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima, ya fito waje. Ruwa ya tafasa ke nan, alhali a digiri sittin ya kamata ya tsaya. Abin da ke tsayar da shi kuwa tamostat ne, 'yar na'ura mai siririn bututun tagulla da ke shiga cikin ruwa ta ji zafinsa. Zubeiru ya kai hannu inda take, ya taɓo ramukan kusoshi biyu.

"Madam, ba lalacewa ya yi ba. Sata aka yi."

Ya daɗe a durƙushe yana kallon wurin. Ba a yanke bututun ba, zare shi aka yi a hankali, aka toshe ramin da roba. Har marfin murɗawa mai lambobi an tafi da shi. Wayoyin biyu da suka rage an haɗe su an naɗe da tef, naɗin da shi kansa ba zai raina ba.

"Su wa ke shiga kicin ɗin nan?"

"Sala, da Komla mai sito, da kuku Masahudu. 'Yan sanda zan kira."

"Ba ni zuwa la'asar."

Ya fara da Mma Sala. Tana zaune a kan benci ta tallabe hannun, idanunta sun yi ja.

"Mma, kin taɓa buɗe ƙasan injin?"

"Ni? Koren maɓalli aka nuna mini da ja. Shekara huɗu ban wuce su ba."

"Kwanan nan kin ga wani canji?"

"Kwana uku ke nan kwanuka na fitowa da zafi kamar daga murhu. Masahudu ne ma yake ta zuwa yana kashe sokit yana kunnawa. Ya ce wutar janareta ce ke hauka."

"Yau fa?"

"Yau bai zo da wuri ba. Masta, jikoki uku nake ci da su. In aka kore ni a wannan yunwar, ina za ni?"

Zubeiru ya ce ta kwantar da hankalinta. Wanda ya san babu tamostat a ciki ba zai kai hannunsa ga murfin ba.

Ya sami Komla a ƙofar sito, yana ta sharce gumi tun ba a tambaye shi ba.

"Na rantse, Masta, ban san ma kamanninsa ba."

Zubeiru ya ja shi gaban injin. "In kai ne ɓarawo, me za ka ɗauka a nan?"

Komla ya leƙa, ya nuna hita. "Wannan mana. Ko jiya an tambaye ni irinta a kasuwa, babu ita ko a Kumasi."

"Ina kake ranar Asabar?"

"Bolga. Madam ce ta aike ni neman shinkafa, sai jiya na dawo."

Madam ta gaskata shi.

"Masahudu fa, ya daɗe a gidan nan?"

"Bara ya zo, cikin 'yan Agege da aka koro daga Najeriya. Mutumin kirki ne. Matarsa Adijatu ma ta haihu ranar Juma'a, bakwaini, tana gidan ungozoma a Nyohini."

Masahudu na yanka kuɓewa sa'ad da Zubeiru ya kira shi. Siririn mutum ne, zai yi shekara talatin da biyar, da alamar bai yi barcin kirki ba.

"Ƙanena, zo ka riƙe mini marfin nan."

Masahudu ya goge hannu ya matso. Sai da ya dubi sokit a bango, sannan ya taɓa jikin injin da bayan hannunsa, kana ya kama marfin.

"Wane aiki ka yi a Legas?"

"Buga-buga dai, Masta."

"To. Ajiye, na gode."

Zubeiru ya hau keke ya nufi Nyohini. Gidan ungozomar ɗaki uku ne da ƙaramin janareta a bayansa. Ungozomar, Sista Lamisi, ta kai shi ɗakin ciki, inda wata tsohuwar kwalbar jarirai take a kan tebur. A ciki wata 'yar jaririya ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Siririn bututun tagulla ya shiga ta gefen kwalbar, marfin murɗawa a ɗaure da waya, an tsayar da shi kaɗan sama da talatin.

"Wata takwas kwalbar nan a mace," in ji Sista. "Mun rubuta Accra har mun gaji. Kafin wannan, jarirai biyu na rasa saboda sanyi. Uban yarinyar ne ya gyara ta da hannunsa. Yau da safe janareta ya tsaya, shi muka kira ya tayar."

Uwar na kwance a kan tabarma tana kallonsa. Zubeiru ya yi mata barka, bai taɓa komai ba, ya fita.

Da la'asar ya tara su a kicin.

"Madam, ɓarawon kasuwa hita zai ɗauka, kuma da fulaya zai yanke waya. Wannan bututu ya lallaɓa, don in ya karye tamostat ya mutu. Ya tafi da marfin lambobi, ke nan yana so ya saita shi a wani zafin daban. Ya haɗe wayoyi don injin ya ci gaba da aiki, ya mai da kansa tamostat, yana kashewa yana kunnawa da hannu. Yau aka tsare shi a wani wuri, ruwa ya tafasa. Komla ba ya gari, Mma Sala ba ta san ƙasan injin ba. Kuku kuwa da tafin hannu yake taɓa ƙarfe. Mai aikin lantarki ne kaɗai ke fara taɓawa da bayan hannu, don in da wuta ta ture shi maimakon ta riƙe."

Masahudu ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

"Ni ne. Shekara tara ina gyaran firji a Legas. Sista ta ce 'yar ba za ta kwana biyu ba. Na zaga Aboabo da kasuwa duka, babu. Na so in roƙe ki, Madam, na ji tsoron ki ce a'a, daga nan kuma an san inda idona yake."

"Da ka roƙa," in ji Madam. Ta juya ga Zubeiru. "Za a iya dawo da shi?"

"Za a iya. Amma ba da hannuna ba. Na ga yarinyar."

Madam ta dafe goshi.

"Akwai tsohon tankin ruwan wanka da ya fashe a ɗaki na huɗu," in ji Komla a hankali.

Zubeiru ya je ya kwance tamostat ɗin tankin. Bututunsa gajere ne, amma ya kai. Ya raba wayoyin, ya ɗaura shi, ya danna jan maɓallin ya koma, ya kunna. Suna tsaye suna kallon ma'aunin zafi da ya tsoma a ruwa. A sittin da biyu aka ji ƙas, hita ta yanke.

"Ba zan kira kowa ba," in ji Madam. "Amma ba ni ka ƙona ba, Masahudu."

Masahudu ya ja gwiwa zuwa gaban benci. "Mma, ki yafe mini. Wallahi ban yi nufin..."

"Ɗazu ana cewa za a kore ni, kana tsaye kana yanka kuɓewa," in ji Mma Sala. "Ƙunar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a siminti.

"Har hannun nan ya warke, kai za ka ɗebo mini ruwa, kai za ka faskara mini itace."

"Na yarda, Mma."

Ta gyara zaman hannunta a cinya, ta ɗan jima tana dubansa.

"Tana kama nono?"

"Jiya ta fara, kaɗan-kaɗan."

"To tashi ka dama wa uwar koko mai kauri. Ka zo ka ɗauke ni a keke, in je in ga 'yar da na biya wa fata."