Mai Sayar da Hayaƙin da Ba a Yi Ba

Sagir ya fara ganin Fauziyya ne a Banga, ranar da ya je duba murhu. Kamfaninsu na raba wa mata murhu mai tsimin itace, kyauta. Kyautar da dalilinta: masana'antun Turai, da ake caja kan hayaƙin da suke fitarwa, sun ga ya fi musu araha su biya a rage na matan Zamfara. Aikin Sagir shi ne ya tabbatar ana hura wutar.

A gidan Malam Ladan ba a hura ba. Murhun na cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado.

"Inna ta aje mini shi cikin kayan ɗaki," in ji Fauziyya, ɗiyar gidan. "Wa ka ɓata sabon abu da toka?"

Ya rubuta rahotonsa, sannan ya karɓi lambarta, wai don bincike. Binciken ya ci wata biyar.

"Hasken idona, kin ci abinci?"

"Na ci, Injiniyana. Bisa duwatsu ukku aka dafa, kar ka rubuta."

Da maganar aure ta taso, Malam Ladan, wanda ya shekara talatin yana karantar da fiƙihu, ya sa aka kira shi zaure.

"Yaro, mi kamfaninku ka saidawa?"

"Hayaƙi, Malam. Wanda ba a yi ba."

"Mai saye na iya ɗaukatai?"

"Takarda ake ba shi."

"Ba a ciyar da ɗiyata da kuɗin abin da babu."

Dama akwai wani mai neman aurenta, Zayyanu, mai tirela uku a Kaura, masu hayaƙin da ake hangowa tun daga Zurmi. Malam bai ga aibun sana'arsa ba.

Fauziyya ta turo saƙo: "Baba ya ce bayan girbi zai ba Zayyanu ni. Ka yi wani abu."

Sagir bai yi komai ba. Turai ce ta yi. Farashin hayaƙin da ba a yi ba ya faɗi, masana'antun suka sami inda ya fi sauƙi, bin gida-gida ya fi ƙarfin kamfanin. Aka sallami ma'aikata ta saƙon waya. Ya karanta nasa a tasha, ya ƙarasa shan rakensa. Daga baya ya sayar da babur, ya fara saro wake a kasuwar Shinkafi.

Labari ya kai Banga. Malam ya sake kiransa.

"Buhu nawa gare ka?"

"Huɗu, Malam."

"Huɗu da ido ka gani. Alhamdu lillahi. Turo magabatanka."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Aka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka shafa. Sagir na tsaye cikin babbar riga ana ta ba shi hannu, wayarsa ta motsa.

"Angona, ka yi murna?"

Ya mayar mata da amsa.

"Na yi, ranki ya daɗe. Sai dai albashina na da ya ninka ribar waken sau shida."

"To, Allah ya sa albarka. Ina son wake."