Hannuwa Ɗari Biyu a Sama

Nazir yana kan tsani a ɗakin taron manoman albasa na Aliero, yana ɗaura majigi, ya ji wata murya daga ƙasa.

"Malam, in ka faɗo, kak ka faɗo kan takarduna."

Ya leƙo ya ga Lubna, ɗiyar shugaban ƙungiya Alhaji Gado, mai rubuta musu bayanin taro. Saura kaɗan ya faɗo ɗin.

Daga Jega aka ɗauko shi ya shirya taron shekara, yadda 'yan ƙungiya da ke Legas za su shiga ta bidiyo. Aikin kwana uku ne, amma bawan Allah ya kai shi sati uku, kullum sai ya gano wata waya da ke buƙatar gwaji.

"Zumata," ya rubuta mata, "na gwada intanet sau tara, amma ke nika son gani."

"Ɗan Jega," ta amsa, "bar daɗin baki. Ka shirya na'ura, ka shirya ma dattawa?"

Bai gane ba, sai da magabatansa suka je wajen Alhaji Gado. "Yaron da ko dashen albasa bai iya ba?" in ji Alhaji. "Ga Mamuda nan na son ta, mai gona can Giwa Tazo. Amma yayana Labbo shi ad da magana. In ga tarbiyyar yaron ga taro tukuna."

Mamuda, wanda shekara goma lasifikarsa ake haya, ya bi gari yana cewa kwamfuta za ta kunyata mutane.

Ranar taro mutum ɗari suka cika ɗaki. A ƙungiyar nan babba ke buɗe taro da addu'a, kuma ba mai sauke hannu kafin ya shafa. Baffa Labbo ya bayyana a bango daga Legas, ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Nan intanet ta yanke. Hoton Baffa ya sandare, hannu a sama, ido a rufe.

Minti biyar ana amin. Minti goma, kafaɗu suka fara rawa. Wani dattijo ya yi raɗa, "Wanga bawan Allah akwai tsoron Allah." Mamuda ya so ya yi dariya, amma shi ma hannunsa na sama, zufa na bin gwiwar hannun.

Nazir ya san abin da ya faru, kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai. In ya sauke hannu, Alhaji Gado na kallonsa, an ce ba shi da kunya. In bai sauke ba, tsofaffi za su kai la'asar a haka. Ya dubi sashen mata. Lubna ta zare masa ido, ta nuna kwamfuta da haɓa.

Ya sauke. Ɗaki ya ɗauki salati, Alhaji Gado ya kau da kai.

Ya jona kwamfuta da intanet ɗin wayarsa, hoto ya motsa. Sai ga Baffa Labbo ba hula, yana shan fura da ludayi.

"Kai! Mi kuka yi haka?" in ji Baffa. "Ni tun ɗazu nis shafa!"

Da aka yi masa bayani, ya yi dariya har ya ƙware. "To wa ya cece ku?"

"Wani marar kunya na," in ji Alhaji Gado, yana murza kafaɗa. "Shi as sauke hannu gabaninka. Kuma wai Lubna shika so."

"Gado, mutum ɗari, guda ɗai ya lura ban lumfashi, shi za ka hana ma ɗiya? Na ba shi."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Alhaji Gado ya kafa sharaɗi ɗaya: Baffa ya zo da ƙafarsa, don shi kafaɗarsa ba ta warke ba.

Baffa ya zo, ya yi addu'a, ya sa albarka, ya shafa. Kowa ya shafa, ban da ango, wanda ya bar hannunsa a sama har surukinsa ya matso.

"Sauke, ɗana," in ji Alhaji Gado. "Na gani. Allah shi ba ku zaman lafiya."