Sauke Ta, Yaya

"Haɗa kayanki, Auta. Jirginmu jibi ne."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da ɗaura wa wata yarinya igiyar takalmi. Asabar ce, ranar da ake fita da yaran gidan marayun shan iska, kuma ita ce ranar da yayanta ya ga damar dirowa daga ƙasarsu da fuska a murtuke.

"Da ke nake magana."

"Na ji, Yaya. Ban dai tashi tafiya ba ne."

"Wata shida kika ce wa Baba za ki yi kina aikin sa kai. Yau wata goma sha ɗaya. Neman lada ne ya riƙe ki, ko direban motar can?"

"Duka biyun."

Ita ce 'yar autar gidansu, kuma tun tana rarrafe kowa ya san in ta kafe sai dai a gaji a ƙyale ta. Amma yau bakin ne kawai ke da ƙarfi. Baba ba ya yanke komai sai da shawarar Yaya. In Yaya ya koma gida ya ce a'a, maganar aurenta da Direba ta mutu murus.

Shugabar gidan, wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka, ta leƙo ta ce ma'aikaciya ɗaya ba ta da lafiya, suna buƙatar babba guda. Yaya ba ya jin yaren ƙasar ko kalma ɗaya. Kafin ya gane me ake ciki, an damƙa masa wutsiyar doguwar igiyar da yara ke riƙewa in za a tsallaka titi. Mutumin da ya zo da kwat da shirin faɗa, sai ga shi a bayan layi.

A bakin wurin shaƙatawa Direba ya riƙa sauke yaran daga mota ɗaya bayan ɗaya. Ya san wanda mota ke sa wa amai, ya san mai tsoron agwagi. Da Auta ta zo sauka ya yi ƙasa da murya.

"Hasken idona, fuskar yayanki tana ba ni tsoro..."

"Da ita aka haife shi. Kar ka damu."

Cikin yaran akwai 'yar shekara uku da ake ce wa Tsuntsuwa saboda rashin cin abincinta. Ita ba ta yarda da kowa, amma yau ta kama ƙafar wandon Yaya ta ƙi saki. Ya tura ta a lilo, ta shafe masa kwat da askirim, ya yi tsaki ya goge mata baki da hankicinsa. Kafin rana ta yi sanyi ta yi barci a ƙirjinsa.

A haka ya zauna a kan benci ya sa aka kira Direba, sannan ya dubi Auta.

"Fassara masa. Ina iyayensa? Su wa za su zo gaban Baba?"

Ta fassara. Direba ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"A ƙofar gidan marayun aka tsince ni cikin kwali, ina ɗan kwana uku. Kaka ce ta raine ni, ban san kowa ba bayan ita. Ina son ƙanwarka, shi ya sa ba zan yi maka ƙarya ba."

Ta mayar wa Yaya kalma da kalma, ba ta rage ko ɗaya ba.

"To gaya masa gidanmu ba a ba marar asali mata."

"Wannan kam ba da bakina ba."

"Auta..."

"Ba zan faɗa ba, Yaya. In kana so ya ji, ka koyi yaren ka gaya masa da kanka."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zubo mata, amma ba ta share ba, kuma ba ta kawar da ido ba.

"Sauke ta," in ji ta.

"Wa?"

"Yarinyar da ke ƙirjinka. A bayan asibiti aka tsince ta, naɗe cikin tawul. Ita ma ba a san ubanta ba. Nan da shekara ashirin wani zai zauna a benci irin wannan ya faɗa mata abin da ka faɗa yanzu. Sauke ta tun da wuri, kada ta saba da kai."

Yaya ya sunkuyar da kai. Tsuntsuwa ta cukuikuye wuyan rigarsa da ɗan hannunta, miyau ya jiƙa masa aljihu. Ya taɓa yatsunta zai ɓamɓare, ta ƙara damƙewa tana ajiyar zuciya cikin barci. Ya janye hannunsa.

Auta na tsaye tana kallonsa, Direba na murza hula.

"Wannan bakin naki, Allah ya shirye ki," in ji Yaya. Ya kalli inda Kaka ke zaune tana ɓare wa yara lemo. "Tambaye shi... tsohuwar nan za ta iya hawa jirgi?"

Sau biyu Auta ta fara fassarawa kuka da dariya suna katse ta. A na uku Direba ya gane, ya durƙusa a gaban bencin ya rufe fuska da hularsa.

"Ya tashi, ya tashi," in ji Yaya, yana gyara wa Tsuntsuwa kwanciya. "Kuma ki ce masa ya tuƙa a hankali, yarinya na barci."