Bakin Katifar da Ta Ƙi Ɗinkewa

Ruwan sama na zuba, yarinyar da ake kira 'Yar Allura tana tsaye a ƙofar shagon baffanta da ƙullin kayanta a ka, tana kuka ba mai ce mata sannu. Marainiya ce, a hannun Baffa ta tashi, a shagonsa na yin katifa kuma ta koyi aiki. Ita ce mai ɗinke bakin katifa bayan an gama cusa ta. Hannunta abin kallo ne, allura na nitsewa tana ɓullowa kamar ɗan kifi a ruwa.

Laifinta guda ne. Katifun Baffa iri biyu ne: akwai na auduga zalla, akwai waɗanda ake cika wa ciki da tsummokara da sharar shagon aski, a shimfiɗa 'yar auduga a sama, a sayar da sunan masu kyau. Duk gidan Kiristoci ne, Baffa ma dattijo ne cikin shugabannin coci, a kujerar gaba yake zama. Amma tun da yarinyar ta miƙa ranta ga Yesu da gaske, aka yi mata baftisma, sai allurar ta yi mata nauyi.

"Baffa, ka gafarce ni," ta ce tana durƙushe. "Na auduga ko nawa ne zan ɗinka. Wannan kuwa ƙarya nake rufe wa baki, ba zan iya ba."

"Sannu, ƙaramar fasto," in ji Baffa. "Tun ubanki na rarrafe nake zuwa coci."

"Ƙyale ta, maigida," matarsa ta ce, "ruwan baftismar ne ya shige mata kunne."

Gida ya dare biyu. 'Ya'yan Baffa suka daina cin abinci da ita. Kaka, uwar Baffa, ita kaɗai ta goyi bayanta, ita kuwa tsohuwa ce da ba ta iya tashi, jikar nan ce ke mata wanka tana juya ta a gado. Da aka kori yarinyar, aka kuma hana ta ganin Kaka, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Bai ishe su ba, matar Baffa ta je ta gaya wa fasto wai yarinyar ta ɗaga mata hannu. Aka cire ta daga cikin mawaƙa, mata suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta zauna kusa... Allah sarki!

Wata mai wanki da guga ta ba ta wurin kwana a bayan shago. Kullum in yarinyar ta gama taya ta shanya sai ta je ƙarƙashin tagar Kaka, ba ta ganin komai sai labule, ta yi addu'a a hankali: "Ya Ubangiji, ka aiko wanda zai juya ta. Baffa kuma kada ka kama shi da laifina." Har yau ban ji marainiyar da ta roƙa wa mai korarta irin wannan ba.

Ana nan katifar Kaka ta lalace. Baffa ya shiga shago ya jawo mata sabuwa. To, yanzu matarsa ce ke ɗinki, ta kuwa jibge su wuri ɗaya, masu kyau da na shara, ita kanta ba ta san wace ce wace ba. Ba a daɗe ba gadon bayan tsohuwa ya yi gyambo. Ranar da matan coci suka zo dubiya, wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu ta ji wari, ta sa almakashi ta farke katifar a gabansu. Gashi ya zubo, da tsumma, da rabin takalmi, sai kan 'yar tsana mai ido ɗaya ya gangaro ya tsaya a ƙafar Baffa yana kallonsa.

"A kan wannan ka kwantar da uwarka," in ji Kaka. "A kan wannan kuma kuka kori marainiyar ƙaninka, kuka yi mata ƙage. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa hannu ba."

Labari ya bazu. Masu saye suka farke nasu suka zube su a ƙofar shago, hukuma ta garƙame shagon, coci ta sauke Baffa daga dattijanta. Fasto da kansa ya ce zai je neman gafarar yarinyar.

"Ku fara kai ni tukuna," in ji Kaka.

A kan kujera mata suka ɗauke ta, suka ratsa titi da ita tana lilo kamar jaririya, Baffa na biye kansa a ƙasa. 'Yar Allura ta fito da kumfa a hannu, ta faɗa jikin tsohuwar suka yi ta kuka. Da ta ɗago ta hangi baffanta, sai ta durƙusa.

"Baffa, sannu da zuwa. Shigo daga rana."

"Bar shi ya ɗan gasu," in ji Kaka tana share mata hawaye. "Ke gyara mini wuri kusa da ke, ba inda zan koma."